Hablaba, comía, vivía: yadda ake juya aikatau a lokacin "a da" na Sifaniyanci

Duk wanda ya sha fama da shuɗaɗɗen lokaci na Sifaniyanci, inda tener ke rikiɗewa ya zama tuve, decir ya koma dije, yakan shigo darasin pretérito imperfecto da ɗar-ɗar. Ba sai ya ji tsoro ba. A cikin dubban aikatau na harshen, uku ne kacal suka saɓa wa ƙa'ida a wannan lokaci, sauran duk layi ɗaya suke bi. Ana iya haddace juyin a zama ɗaya tsakanin magariba da lisha. Wahalar tana wajen sanin inda ake ɗora alamar nauyi, da kuma sanin yaushe ake ɗauko wannan lokaci a bar ɗan'uwansa pretérito indefinido, wato lokacin su tuve da dije. A wannan na biyun Bahaushe yana da wata dama da masu jin Turanci kaɗai ba su da ita, in dai ya yarda ya yi tunani daga Hausarsa.

Sunan kansa ya faɗi aikinsa. Imperfecto na nufin abin da bai kammala ba. Antonio de Nebrija, wanda ya wallafa nahawun Sifaniyanci na farko a Salamanca a 1492, ya kira shi shuɗaɗɗen da bai ƙare ba. Andrés Bello, haifaffen Karakas, a nahawunsa da ya fito a ƙasar Chile a 1847, ya raɗa masa suna copretérito, wato lokacin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani abin da ya wuce. Har yau da wannan suna ake koyar da shi a makarantun Meziko, don haka in ka ci karo da shi a littafi kada ka ɗauka wani sabon abu ne.

Kowane aikatau na Sifaniyanci, yadda yake a ƙamus, yana ƙarewa da ɗaya daga cikin uku: -ar, -er ko -ir. Matakin farko shi ne ka yanke waɗannan haruffa biyu na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne saiwa. Hablar, yin magana, saiwarsa habl-. Comer, ci, saiwarsa com-. Vivir, rayuwa ko zama a wuri, saiwarsa viv-. Mataki na biyu ka liƙa ɗafa-ƙeyar da ta dace da mai aikin. Saiwa ba ta motsi ko kaɗan.

Gidan -ar yana ɗaukar -aba, -abas, -aba, -ábamos, -abais, -aban. Sai ka samu yo hablaba, ina magana a da. Tú hablabas, kana ko kina magana. Él hablaba ko ella hablaba, yana ko tana magana. Nosotros hablábamos, muna magana. Vosotros hablabais, kuna magana. Ellos hablaban, suna magana. Usted, kalmar girmamawa ga mutum ɗaya, tana cin kwano ɗaya da él, sai a ce usted hablaba. Jam'inta ustedes kuwa tana bin ellos, ustedes hablaban. Haka za ka yi wa trabajar ya ba ka trabajaba, comprar ya ba ka compraba. Hatta estar da dar, masu taurin kai a wasu wuraren, a nan lafiya lau suke bi: estaba, daba.

Gidan -er da na -ir sun haɗe a wannan lokaci, ɗafa-ƙeyarsu ɗaya ce: -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Comer ya ba da comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían. Vivir ya ba da vivía, vivías, vivía, vivíamos, vivíais, vivían. Ke nan jeri biyu ne kawai, kowanne da gurbi shida, kuma da yake gurbi na ɗaya da na uku iri ɗaya ne, siffa goma ce gaba ɗaya za ka riƙe.

Wannan kamanni na yo da él yana da tasiri a magana. Sifaniyanci ya saba jefar da wakilin suna, domin ƙarshen aikatau ya riga ya faɗi mai aikin: hablo ni ne, habla shi ne. Amma trabajaba en el mercado na iya zama ni nake aiki a kasuwa, ko shi, ko ita, ko kai da nake girmamawa. In zancen da ya gabata bai warware ba, dole ka dawo da wakilin sunan: yo trabajaba y ella estudiaba, ni ina aiki ita tana karatu. Da zarar an san wanda ake nufi sai ka sake ajiye shi, domin yawan yo, yo, yo yana gundurar kunnen mai harshen.

Vosotros a Sifaniya ake jin sa. Daga Meziko har Ajantina ustedes ake amfani da shi ga kowane taro, ko na yara ne ko na dattawa, don haka mai koyon Sifaniyancin can zai iya shekara bai furta hablabais ba. Ya dai san shi saboda karatu. Su kuwa mutanen Ajantina da Yurugwai masu cewa vos a maimakon tú, a wannan lokaci ba su kawo wata sabuwar siffa ba: vos hablabas, vos comías.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a matakin juyi shi ne ilimin da suka kwaso daga lokaci mai ci. Sun koyi cewa pensar yana zama pienso, poder yana zama puedo, pedir yana zama pido, sai hannu ya zarce ya rubuta piensaba ko puedía. Babu irin wannan. Wasalin saiwa yana fashewa ne idan nauyin furuci ya sauka a kansa, kamar a PUE-do. A imperfecto kuwa nauyin kullum yana kan ɗafa-ƙeya, saiwa tana hutawa, shi ya sa ake samun pensaba, podía, pedía, dormía, quería, jugaba. Haka ma manyan masu rikici: tener tenía, hacer hacía, decir decía, venir venía, poner ponía, saber sabía. Koma wa siffar ƙamus, yanke haruffa biyu, ka liƙa.

Wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar ko Kamaru zai gane wannan lokaci nan take, domin ɗan'uwan imparfait ne, uwarsu ɗaya, harshen Latin, kuma aikinsu kusan ɗaya. Sai dai ya kiyaye wani bambanci. A Faransanci daga siffar nous ta lokaci mai ci ake ciro saiwa, shi ya sa finir ke ba da finissais. A Sifaniyanci daga siffar ƙamus kai tsaye ake cirowa.

Sanin gidan da aikatau ya fito ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai tagwaye masu ruɗi. Crear, ƙirƙira, da creer, yarda ko zato, duka suna ba da creo a lokaci mai ci, amma a nan sun rabu: creaba yana ƙirƙira, creía yana zato. Sentar, zaunarwa, da sentir, ji a jiki ko a rai, duka siento ne, amma me sentaba ina zama, me sentía mal ina jin ba daɗi. Wanda ya haddace aikatau daga siffar da ya ji a bakin mutane, bai duba ƙamus ya ga gidansa ba, a nan asirinsa ke tonuwa. Waɗanda saiwarsu ta ƙare da wasali ma ba su da wata matsala, wasula ne kawai ke jeruwa: leer leía, traer traía, caer caía, oír oía, reír reía.

Sai alamar nauyi, 'yar sandar nan da ake ɗorawa a kan wasali, mai kama da fataha da ta ɗan miƙe tsaye. Masu harshen suna ce mata tilde. Ba ado ba ce, kuma ba a sa ta da ka. Ƙa'idar ita ce, kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, in nauyinta yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe, ba a yi mata alama. Ha-BLA-ba, ha-BLA-bas, ha-BLA-bais, ha-BLA-ban duk sun cika wannan sharaɗi, don haka suke tafiya kai babu hula. Amma ha-BLÁ-ba-mos nauyinta ya koma gaɓa ta uku daga ƙarshe, kuma duk kalmar da take haka sai an yi mata alama, babu togiya. Ke nan a gidan -ar siffar nosotros kaɗai ke da ita. Kuskuren da ake yawan ji a furuci shi ne habla-BA-mos, domin kunne ya saba da ha-BLA-mos na lokaci mai ci, inda nauyi ke zaune daf da -mos. Nauyin imperfecto ba ya gusawa daga a ta farko ta ɗafa-ƙeya, ko kalmar ta yi tsawo ko ta gajarta.

A gidan -ía dalilin daban ne, kuma duk siffofi shida suna da alamar. Idan i ta haɗu da a ba tare da alama ba, Sifaniyanci yana haɗiye su a gaɓa ɗaya, kamar ya ta Hausa. Alamar ce ke raba su ta ce kowa gaɓarsa daban: co-MÍ-a, gaɓa uku. In ka manta da ita, wani lokaci wata kalma ka rubuta ba ka sani ba. Hacía yana yi ne, hacia kuwa wajen ko zuwa. Sabía ya sani, sabia mace mai hikima. Mafi ban dariya, tenía yana da shi, tenia kuwa tsutsar cikin nan ce doguwa mai faɗi. A waya, danna harafin ka riƙe, zaɓin zai fito. A kwamfuta mai Windows, riƙe Alt ka buga 160 a madannan lambobi na gefe ka samu á, 161 ka samu í.

Wani kuskuren rubutu shi ne v a gurbin b: estava, hablava. Su kansu masu harshen suna yin sa, domin b da v sauti ɗaya ne a bakinsu. Da b ake rubuta -aba koyaushe, gadon Latin ne, inda ake cewa amabam. Harshen Fotugal da na Italiya da v suke rubuta nasu, don haka wanda ya taɓa karanta su ya ƙara kula. Ita wannan b ta tsakanin wasula ba a datse leɓe a kanta kamar ta baba, leɓɓan suna kusantar juna ne kawai iska ta wuce. H ta farkon hablaba da hacía kuwa ba a furta ta sam. A gidan -er da -ir wannan b ta Latin ta zube tun da daɗewa, habebam ya zama había, kuma asalin rabuwar jerin biyu ke nan.

Akwai kuma maƙwabcin da ke shigo wa mutane gida, lokacin sharaɗi, mai ma'anar da zan yi. Shi ma da -ía yake ƙarewa, amma galibi a jikin cikakkiyar siffar ƙamus ake liƙa shi, ba a yanke komai. Comía ina ci a da, comería da zan ci. Vivía da viviría haka. Wurin da ya fi tsanani shi ne querer: quería da r ɗaya, ina so a da, querría da r biyu mai kaɗa harshe, da zan so.

Su ukun da suka ƙi layi su ne ser, ir da ver. Ser yana ba da era, eras, era, éramos, erais, eran. Ir yana ba da iba, ibas, iba, íbamos, ibais, iban, shi kaɗai ne daga wajen gidan -ar ya riƙe b ɗinsa. Ver yana ba da veía, veías, veía, veíamos, veíais, veían, kuma laifinsa bai wuce e ɗin da ya ƙi saki ba, domin tsohuwar siffarsa veer ce. Lura cewa éramos da íbamos sun bi ƙa'idar hablábamos wajen alama.

Yanzu ga babbar magana, yaushe ake amfani da shi. Littattafan da aka rubuta don masu jin Turanci sukan ɓata shafuka suna zagaye, domin shuɗaɗɗen lokaci na Turanci yakan haɗa abubuwa biyun a siffa ɗaya. Hausa ta riga ta raba su. Muna da ya ci, sun ci, suka ci, na abin da ya auku ya kammala. Muna da yana ci, na abin da ke gudana, da yakan ci, na sabo. Na farkon shi ne filin pretérito indefinido, comió. Na biyu da na uku, in an mayar da su baya, su ne filin imperfecto, comía. Duba wannan ɗan labari:

Eran las seis de la tarde. Llovía. Mi madre freía pescado en la cocina y mi hermano hacía los deberes. De pronto se fue la luz.

Ƙarfe shida ne na yamma. Ana ruwa. Mahaifiyata tana soya kifi a kicin, ƙanena yana aikin da aka ba shi a makaranta. Kwatsam sai aka ɗauke wuta.

Duk inda Hausa ta ce ana, tana, yana, Sifaniyanci ya sa imperfecto. Inda Hausa ta ce sai aka, nan indefinido ya shigo. Imperfecto yana shimfiɗa tabarma ne, ya nuna wa ke zaune, me ake ciki, yaya gari yake. Indefinido shi ke tura labari gaba. Mai ba da tatsuniya da Hausa yana yin wannan rabo ba tare da ya yi tunani ba: Gizo yana tafe yana tafe, sai ya tarar da Kura. Na farko iba, na biyu encontró.

Amma nan ma tarkon Bahaushe yake. A Hausa yana soya ba ya canza siffa ko yau ne ko bara, kalmomin gefe irin su jiya, a da, lokacin nan, su ke nuna zamani. Sai ɗalibi ya ɗauko wannan ɗabi'a ya ce ayer mi madre fríe pescado, yana ganin ayer ta ishe shi. Ba ta isa ba. Sifaniyanci yana so a sa zamanin a jikin kowane aikatau, ɗaya bayan ɗaya, ko an faɗi jiya sau goma. Wanda ya yi karatun Larabci ya san wannan dabara ta wata fuska: kana yaktubu, ya kasance yana rubutu. Abin da kana ke yi a can, shi -aba da -ía ke yi a cikin kalma ɗaya, escribía.

Na sabo shi ne mafi sauƙin ganewa. De niño jugaba al fútbol todos los días, ina yaro nakan buga ƙwallo kullum. Los viernes comíamos en casa de mi abuela, ran Juma'a mukan ci abinci a gidan kakata. Kalmomi irin su siempre, todos los días, a menudo, antes, mientras sukan jawo shi. In ana so a jaddada sabon sai a ɗauko soler: solía venir, yakan zo. In kuma gudanar aikin ake so a fito da ita, sai estar ya shigo: estaba comiendo cuando llamaste, ina cikin cin abinci ka kira. Agogo, shekaru, yanayin gari da kamannin mutum, in ana shimfiɗa su a matsayin yadda abubuwa suke, duk nasa ne: era la una ga ƙarfe ɗaya, eran las tres ga sauran, tenía diez años, hacía calor, era alto y llevaba gafas.

Wata gurguwar fahimta da ta yaɗu ita ce wai imperfecto na dogon aiki ne, indefinido na gajere. Tsawo ba shi ne ma'auni ba, iyaka ce. Viví diez años en Madrid daidai ne, domin an kewaye shekarun goma an rufe, kamar yadda Hausa ke cewa na yi shekara goma a Madrid, ba ina yin ba. Vivía en Madrid cuando nació mi hija kuwa ya buɗe tsakiyar zaman ne, ina zaune a Madrid aka haifi 'yata, bai damu da farkonsa ko ƙarshensa ba. Haka in an ƙidaya: fui tres veces, na je sau uku, an rufe lissafi, iba cada mes, nakan je duk wata. Gwajin da ya fi aiki shi ne ka faɗi jimlar da Hausa tukuna ka saurari abin da bakinka ya zaɓa.

Gwajin yana da inda yake tuntuɓe. Hausa tana cewa na sani, na san shi, da siffar kammalalle alhali hali ne mai ɗorewa. A Sifaniyanci wannan sabía ne da conocía. In ka ce supe, ka ce na samu labari a lokacin. Conocí kuwa na haɗu da shi karon farko. Podía yana nufin ina da iko, ko na yi ko ban yi ba, pude na samu na yi. Quería ina so, no quise kuwa na ƙi. Waɗannan 'yan aikatau na sani da so da iko sai an riƙe su daban.

Imperfecto yana kuma fita daga zamanin da ya wuce gaba ɗaya. Mai shiga shagon shan kofi a Sebiya ta Sifaniya ko Malabo ta Ikwatoriyal Gini ya ce quería un café, ba labarin jiya yake bayarwa ba, ladabi ne, kamar yadda Bahaushe ke sassauta buƙata da cewa da ma ina son a ba ni kaza. Mai shagon ma yakan tarbe shi da ¿qué deseaba? Iba a llamarte na nufin da zan kira ka, niyya ce da wani abu ya gitta mata. Idan ana maimaita maganar wani, lokaci mai ci yakan ja baya ya zama imperfecto: ya ce estoy cansado, kai kuma ka ce dijo que estaba cansado. Har yara in suna raba matsayi a wasa da shi suke yi, yo era el médico y tú eras el enfermo, ni ne likita kai ne majinyaci.

Aikatau masu ɗan wakilin suna a gaba ba su canza komai, shi wakilin yana tsayawa a wurinsa: me levantaba, nos levantábamos. Gustar yana bin abin da ake so ne, ba mai son ba, don haka me gustaba el arroz amma me gustaban los dátiles. Sai había, wadda ita ce hay, akwai, in an mayar da ita baya. Siffarta ɗaya ko abu ɗaya ne ko dubu: había un hombre, había muchos hombres. Za ka ji habían muchos hombres a bakin masu harshen da yawa, a Amurka ta Kudu da gabashin Sifaniya, har a rediyo, amma hukumar kula da harshen da ke Madrid, wadda aka kafa a 1713, ba ta karɓe shi a daidaitaccen rubutu ba, kuma mai gyaran takardar jarrabawar DELE ta ƙwarewa a Sifaniyanci zai ja masa layi. Habían tana da halaccinta ne kawai in tana tallafa wa wani aikatau, kamar ellos habían llegado, sun riga sun iso.